Babi na Bakwai: Daga Rano Zuwa Gidan Zu

A Rano da Kibiya, fita da iyali yawon shaƙatawa tana da lokacinta, kuma kowa ya san shi. Kwana na uku ne ko na huɗu bayan an sauko daga Idi, an gama kallon hawa, an gama zagayen gaishe-gaishe, tuwon Sallah ya ƙare, amma sababbin kayan yara ba su kai ga wanki ba tukuna. A cikin wannan 'yar tazara magidancin da Allah ya hore wa zai ce da uwargida ta shirya yara, gobe za a shiga birni. Ba ya bukatar faɗin inda za a je. Yaran sun riga sun sanar da duk unguwa cewa Gidan Zu za a kai su, wasu ma tun azumi bai raba tsakiya ba suke sanarwar.

Al'adar ba ta daɗe ba. A zamanin iyayenmu kallo ne yake zuwa ya sami yaro a garinsu. Ranar kasuwa gardawa za su sauka da kura a ɗaure da sarƙa, wani da biri, wani da maciji a ƙwarya, yara su bar aiken da aka yi musu su bi su har bakin gari. Da kaka akwai dambe da kalankuwa, da azumi akwai tashe, da daren farin wata akwai gaɗa da langa a dandali. Duk wannan babu mai karɓar tikiti, sannan babu uban da yake riƙe da hannun ɗansa. Yawon Sallah ma tsara-tsara ake yin sa, babbar yaya ta goya ƙaninta, a bi gidajen dangi ana karɓar barka da Sallah. Uba yana zaure, uwa tana cikin gida. A ce miji da mata da 'ya'ya sun jera sun tafi wani wuri don kawai yara su yi wasa, wannan a da sai dai a ce halin ma'aikata ne, ko na waɗanda suka daɗe a bariki.

Ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro irin waɗannan wurare, tunanin ba tsoho ba ne can. Walt Disney ya sha ba da labarin yadda yakan kai 'ya'yansa mata biyu wani lambu a Los Angeles, su hau lilon dawakai mai zagayawa, shi kuma ya zauna a benci yana jiran su gama. A kan wannan benci ya fara tunanin gina wurin da babba da yaro za su more tare, har ya buɗe Disneyland a jihar Kalifoniya a 1955. Na kawo wannan ne don a ga cewa tambayar tana nan ko'ina: idan yaro yana wasa, me babba yake yi? A Gidan Zu na Kano amsar a bayyane take. Uba yana lissafin canji, uwa tana ƙirga kawuna.

Abin mamaki shi ne, in don wurin shan iska ne, mutanen wannan yanki bai kamata su je ko'ina ba. Rano, garin Autan Bawo, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, a tsakiyar duwatsu take. Ka bi hanyar Rurum ka ga yadda Allah ya ɗora dutse kan dutse, kafin ka ankara ka iso Tiga. Audu Bako, kwamishinan 'yan sandan da ya zama gwamnan farko na Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya ga abin da ke wurin. A zamaninsa aka tare Kogin Kano aka gina madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, tafkin da ke ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu, kuma daga gare shi ake ban ruwan gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. A kan wani tudun dutse da ke kallon ruwan aka ɗora otal ɗin Rock Castle. Can gefen titin Zariya aka yi madatsar Bagauda da nata otal ɗin. Kudu da nan kuma ga Dajin Falgore, wanda aka keɓe don namun daji. Shi dai wannan gwamna shi ya gina Gidan Zu a cikin birni a farkon shekarun 1970, a kan fili mai faɗin hekta 46, shi ya sa gidan yake ɗauke da sunansa.

Mutum ɗaya ya shuka duka, amma ba duka suka yi tsawon rai ba. Madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agustan 1988, ta ci gidaje da gonaki da rayuka. Otal ɗin wurin yanzu harabar Makarantar Horar da Lauyoyi ce, ɗalibai ke kwana inda baƙi suke kwana a da. Rock Castle ya shafe shekaru a lalace, gwamnati bayan gwamnati tana alkawarin farfaɗo da shi. Falgore kuwa sai da ya zama maɓoyar ɓarayin shanu, har sojoji suka kafa filin atisaye a ciki. Amma a faɗi gaskiya, ko lokacin da otal-otal ɗin suke tashe, ba don ɗan manomin Kibiya aka gina su ba. Na manyan ma'aikata ne, da Turawan kamfanoni, da taron gwamnati, da angwayen da ke da hali. A cikin duk abin da Audu Bako ya bari, wanda talaka ya rungume ya mayar nasa shi ne Gidan Zu, don kuɗin shigarsa bai taɓa fin ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi ba. Abin da yake fin ƙarfin mutumin Rano shi ne isa ƙofar.

Tun daren jajibirin tafiyar lissafi yake fara rikicewa. Maigida ya yi niyyar ɗaukar yara huɗu. Amma in gidan mata biyu ne, ba ya yiwuwa a kwashi 'yan ɗaki ɗaya a bar na ɗayan, sai dai in yana so a yi wata guda ana maganar. Ga ɗan riƙo, wanda barinsa ya fi barin ɗan cikinka muni a idon jama'a. Ga 'yar maƙwabta da ta wayi gari a tsakar gidan da lallenta da sabon takalminta, tana tsaye ba ta ce komai ba.

"Malam, ita ma fa ta sa rai," in ji uwargida.

"To ai shi ke nan. Ta je ta gaya wa babanta, kada a neme ta."

Huɗu sun zama tara. Su kuwa mata tun asuba suke tsaye. An dafa shinkafa an zuba a kula, an ƙulla cincin da dambun nama, in Babbar Sallah ce an ɗebo soyayyen naman layya, an cika jarka da zoɓo. Sai tabarma, da buta, da zanin goyo na canji, da wandunan canji na 'yan ƙanana, don uwa ta san abin da zai faru a hanya. Ana kiran ranar da ranar hutu, amma macen da ta tashi ƙarfe huɗu ba za ta sake zama da gindinta ba sai bayan Isha.

Mutanen Kibiya sai sun biyo ta Rano. Daga nan a miƙe ta Bunkure a faɗa titin Zariya a Karfi, a nufi birni. A motar gida tafiyar awa ɗaya da 'yan kai ce. A motar haya kuwa sai yadda ta yiwu, domin sai ta cika, kuma da Sallah direba ya san ranarsa ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A nan ciniki da yaron mota ya zama sana'a. Kujera nawa za a biya wa mutum goma sha ɗaya? Uba zai rantse cewa waɗannan uku a cinya za su zauna, yaron mota ya dubi yarinyar da ta kusa kai kafaɗar uwarta ya ce, "Haba Alhaji, wannan ai ta isa aike kasuwa." A ƙarshe dai za a daidaita, a cusa kowa. Wasu dangin sukan haɗa kuɗi su ɗauki shatar bas guda, kuma su ne masu dabara, don suna da motar komawa a hannu. In an shigo gari an wuce Na'ibawa, sai a sauka a nemi adaidaita sahu biyu zuwa Dangi, a karya kwana a hau titin Gidan Zu. Kafin a ga ƙofa, abin da ya fita daga aljihun maigida ya ninka kuɗin shigar kowa da kowa sau da yawa, sannan ga na komawa yana jira.

A bakin ƙofa duniya ce ta taru. Masu balan-balan, masu usur da bindigar ruwa, masu tabarau na roba, masu askirim a keke, masu gugguru, masu POS a ƙarƙashin lema. Ga 'yan sanda da 'yan Hisba suna raba layi. A nan uwa takan tsaya ta yi huɗubar da kowace uwa take yi: kowa ya riƙe hannun ɗan'uwansa, wanda ya ɓata ya tsaya inda yake kada ya motsa. Wasu kan rubuta lambar wayar uba a takarda su cusa a aljihun kowane yaro. Da kyau suke yi, domin kafin La'asar za a sha jin cigiyar yaro mai shuɗiyar shadda, alhali rabin yaran da ke wurin shuɗiyar shadda ce a jikinsu.

Wurin dabbobi shi ne inda ya cancanci mutum ya tsaya ya kalli yara, ya ƙyale dabbobin. Ɗan Bahaushe ya san kura tun kafin ya iya tsarki. Ya san ta a tatsuniya, ga kwaɗayi ga wauta, kullum Gizo yana yi mata wayo. Ya san ta a bakin kakarsa, wadda ke cewa in bai yi barci ba za ta zo ta ɗauke shi. Yau ga ta a gabansa, ƙugu a zube, tana kai da komo a keji, ga wari. Yaro ɗan shekara bakwai yakan ji kamar an cuce shi: wannan ce? Ɗan shekara uku kuwa ba ruwansa da ƙarfen da ke tsakani, zai ƙanƙame wuyan babansa yana ihu a tafi gida. Zaki ma haka. An taso tun daga Kibiya dominsa, an kutsa cikin turmutsutsu, an ɗaga yara ɗaya bayan ɗaya a kafaɗa, sai a tarar da manyan dawa ya juya baya yana barci, don zaki yakan kwashe mafi yawan yininsa a kwance ko a dawa ne, balle da zafin rana. Samari su yi ta ihu suna dukan ƙarfe, ko kunne ba zai kaɗa ba.

Waɗanda suke biyan yara kuɗinsu su ne birai da jimina. Biri yana miƙa hannu, yana ɓare gyaɗa, yana duba kan ɗansa kamar yadda ake duba nasu kan a gida, kuma yaro yana gane wannan nan take. Jimina kuwa tsayinta kawai ya isa. Giwa takan sa su yin tsit. Na lura cewa 'yan ƙauye sun fi 'yan birni iya kallon dabba. Yaron da yake kiwon awaki, ya san lokacin da akuya take ƙoshe da lokacin da take ciwo, shi ne zai ja rigar babansa ya ce, "Baba, wannan barewar ba ta da lafiya." Sau da yawa kuma gaskiyarsa ne.

Sai wajen lilo, inda kuɗi suke ƙarewa. Kowane abin hawa da kuɗinsa daban, kuma minti kaɗan ne a sauke ka. Uban yara tara ba zai iya hawar da kowa a kan komai ba, dole ya yi rabo, rabon da ba a taɓa gamawa lafiya ba. Wadda aka ɗora a dokin roba tana kuka don na mota take so. Wanda ya fi kowa ɗoki tun daga gida, da injin ya tashi sai ya fashe da kuka a sauke shi, mai lilo kuwa ba ya mayar da kuɗi. Shi yaro ƙarami, ɗan ƙasa da shekara huɗu, ba wannan ne ya dame shi ba. Za ka biya masa kuɗin jirgi mai juyawa, shi kuma hankalinsa yana kan wani ƙadangare da ke gindin bishiya, ko famfon da yake ɗiga. A ganina kai irin waɗannan yara wurin nan a ranar Sallah wahalar da su ne da iyayensu mata. Sai dai wa za a bar wa su a gida, tunda duk masu rainon suna cikin motar?

Ga kuma rana. Kalandar Musulunci tana ja da baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, shi ya sa Ƙaramar Sallah ta 2023 da ta 2024 suka faɗo a Afrilu, ta 2025 a ƙarshen Maris, wato tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano yake kai maki 40. Sa'ar da aka yi ita ce Gidan Zu yana da manyan itatuwa, abin da ya yi ƙaranci a birnin yanzu. Da Azahar kowace inuwa ta zama gidan wani. A shimfiɗa tabarma, a buɗe kula, maza su nemi wurin alwala, mata su bi layin banɗaki da yara a hannu. Wannan sa'a guda ta cin abinci, a wurina, ita ce gundarin tafiyar. A gida maigida shi kaɗai yake ci ko da abokansa a ƙofar gida, yara maza da kwanonsu, mata da nasu. A nan kuwa tabarma ɗaya ce, ba yadda za a yi. Yarinya za ta ga babanta yana ɓare wa autansu ƙwai, ta ga ya miƙa wa mahaifiyarta kofin zoɓo da hannunsa. Ba ƙaramin abu ba ne a gidan da alkunya ta hana uba ko kiran sunan ɗansa na fari.

Kada a ɗauka wannan taro ba ya tara kuɗi. A watan Yunin 2019, bayan Ƙaramar Sallah, aka nemi naira miliyan 6.8 na kuɗin ƙofa aka rasa, sai labari ya bazu cewa goggon biri ne ya haɗiye su. Duniya ta yi dariya, har jaridun ƙasashen waje suka ɗauka. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya fito ya ce gidan ba shi da goggon biri ko ɗaya, ya sa a yi bincike. Bayan wata huɗu, a Oktoba, zaki ya kuɓuce a cikin gidan, aka yi kusan kwana biyu ana fama, kafin a shawo kansa ya cinye awakin da ya tarar. Mutane sun riƙe barkwancin, amma ni adadin ne ya tsaya mini a rai. Miliyan 6.8 a 'yan kwanaki, a kuɗin 2019, daga canjin da iyaye suka ƙirga a tafin hannu. Duk mai cewa talakan Kano bai damu da kai 'ya'yansa wasa ba, ya sake duba wannan lissafi.

A kan titin Gidan Zu ɗin dai akwai Ado Bayero Mall, da aka buɗe a 2014. Wasu iyalan kan leƙa kafin su wuce, yara su sha sanyin na'ura, a ɗauki hoto, a fito ba a sayi komai ba. Ba a daɗewa, don duk mai hankali yana so ya bar gari kafin Magariba. Titin Zariya da daddare a makon Sallah ba wurin wasa ba ne.

Yanzu a koma kan yaran da ba a kai ba, waɗanda su ne mafiya yawa. Su ma suna da nasu wurin shaƙatawar. Samari kan hau babura su tafi Tiga, su ci soyayyen kifi a bakin ruwa, su ba masunta 'yan kuɗi a zaga da su a kwalekwale. Ƙanana kuma, a garuruwan da magudanan ban ruwa suka ratsa, tsalle suke yi su faɗa ciki. Daɗin yana nan, haɗarin ma yana nan. Ruwan da ke kwance a irin waɗannan magudanai shi ne gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar tsargiya, kuma fitsarin jini ba baƙon abu ba ne ga yaran yankunan noman rani. Kwalekwalen kuwa babu rigar ruwa ko ɗaya a cikinsa. Mutanen Kano ba su manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, da jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da za su je Mauludi. Can arewa maso yamma ne, amma yadda ake loda jirgi a can haka ake loda shi a nan.

A 2020 gwamnatin jiha ta sanar da cewa za ta ɗauke Gidan Zu daga birni ta mayar da shi Tiga, a ƙaramar hukumar Bebeji, wai hayaniyar gari ta yi wa dabbobi yawa. Mutanen birni suka yi ca, suna zargin filin ake so a yanka a sayar, suna tambayar ta yaya mai 'ya'ya takwas a Gyaɗi-Gyaɗi zai kai su har Tiga. Tambayar daidai ce, kuma ina tare da su a kan kada a taɓa itatuwan nan. Sai dai ita ce tambayar da mai 'ya'ya takwas a Kibiya ya shekara hamsin yana amsawa da aljihunsa, ba wanda ya ji. Gidan bai tashi ba, yana nan inda yake.

Ni ban ga dalilin da sai an tumɓuke na birni kafin Kano ta Kudu ta sami nata ba. Ban kuma ga dalilin jiran a gyara otal mai ɗakunan alfarma ba, tunda an gwada wannan a shekarun 1970 an ga wanda ya amfana. Iyalin da muka biyo tun daga gida ba su nemi ɗakin kwana ba, da abincinsu ma suka zo. Abin da suka nema a yinin nan kaf shi ne inuwa, da ruwan sha, da banɗakin da mace za ta iya shiga, da wurin sallah, da shingen da zai hana yaro ɓacewa ko faɗawa ruwa, da lilon da ba zai yanke masa yatsa ba. Wannan ba aikin biliyoyi ba ne. Rano da Kibiya da Bunkure mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, kuma tun 2024 su ukun ne masarautar Rano. Ƙasar Rano tana da attajiran da gidajen mansu suka cika titunan Najeriya. Fili a gindin duwatsun Rurum ba zai gagara ba, masunta suna nan da jiragensu, rigunan ruwa guda hamsin ba su kai kuɗin dokin hawan Sallah ɗaya da kayansa ba. Daga Rano zuwa can, mai babur ma zai iya kai yaransa ya dawo ya ɗauki uwarsu, kuma ba sai da Sallah ba, ko ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.